Liginin a Kwalbar Man Shafawa: Wa Zai Ci Ribar Buntun Tudun Wada?

Daga Kwanar Dangora, idan mota ta saki titin Zariya ta kama hanyar Jos, ta ratsa Tudun Wada ta nufi Doguwa a watan Nuwamba ko Disamba, abin da ya fi cika ido shi ne kara. Karan dawa a jingine a bishiya, karan masara a kwance a kunya, ga tulin buntu a bayan injinan casar shinkafa, wani yana hayaƙi a hankali tun jiya. Masu rubuta takardar neman tallafi a Abuja suna kiran wannan duka da suna ɗaya, wai sharar gona, kuma kowace shekara akwai sabon abin da suke cewa za a yi da ita. Na baya-bayan nan shi ne liginin, wani sinadari da kamfanonin kayan kwalliya a Turai da Sin suka fara zubawa a man kariyar rana. Maganar ba tatsuniya ba ce, akwai kimiyya mai ƙwari a bayanta. Sai dai ina ganin duk wanda ya ce wa manomin Kiru ko Bebeji arzikinsa na cikin sayar da kara ga masu man shafawa, ko dai bai yi lissafi ba, ko kuma akwai abin da yake nema a wurinsa.

Makiyayi ya san liginin tun kafin a raɗa masa suna. Idan aka saki shanu a gona bayan girbi, karmami suke bi su cinye, su bar sandar karan a tsaye. Da dawar tana ƙarama, ɗanya shar, da sun cinye ta har ƙasa. Abin da ya shiga tsakani shi ne liginin: yayin da tsiro ke girma yana zuba shi a bangon ƙwayoyinsa domin ya iya tsayawa da ƙafarsa, ruwa ya bi ta cikinsa ba tare da ya yoye ba, ƙwaro da ruɓa su sha wuya kafin su ci shi. Zaren da ke cikin itace shi ne selulos, liginin kuwa shi ke riƙe zaren, kamar yadda laka ke riƙe azara a rufin soro. Tumbin saniya yana narkar da selulos amma ba ya iya liginin. A busasshen itace yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100, a kara da ciyawa ya ɗan gaza haka, kuma in aka cire selulos babu wani sinadarin tsiro irinsa da ya fi shi yawa a doron ƙasa.

Abin da ya jawo hankalin masu kwalliya shi ne yadda yake shanye hasken rana mai ƙona fata, wanda ake kira UV. Kowa ya taɓa ganin wannan da idonsa. Ajiye jarida a gaban gilashin mota kwana biyu, za ta koma ruwan ɗorawa, alhali farar takardar ofis tana nan da haskenta. Takardar jarida ba a cire mata liginin ba, shi ne yake kama hasken ya sauya launi. Haka kuma yana rage irin lalacewar da iska ke yi wa mai har ya yi ɗaci da wari, wato yana iya tsare man da ke cikin kwalba ya kuma taimaki fatar da aka shafa wa.

A 2015 wasu masana uku, Yong Qian da Xueqing Qiu na wata jami'ar fasaha a Guangzhou ta ƙasar Sin, da Shiping Zhu na Jami'ar McMaster a Kanada, suka buga sakamakon gwajin da ya buɗe wannan ƙofa. Sun ɗauki man kariyar rana na kanti mai lamba 15 a ma'aunin SPF, suka zuba masa liginin kashi 2 cikin 100, sai lambar ta koma 30. Da suka kai kashi 10, ta wuce 50. Wannan shi ne labarin da ake ta yayatawa. Akwai sauran labarin da ba a cika faɗa ba. Da aka zuba shi a man shafawa na yau da kullum, wanda ba shi da wani sinadarin kariya, lambar ba ta ko kai 10 ba. Kuma a kan faranti a ɗakin gwaji aka auna, ba a bayan mutum mai gumi a tsakar rana ba. Ma'ana liginin mataimaki ne, yana ƙara wa sauran sinadarai ƙarfi har a rage yawansu, amma shi kaɗai bai isa ya tsare fata ba. Kamfanin Lignovations na ƙasar Ostiriya, wanda ya tsiro daga jami'ar fasaha ta Biyana a 2021, a haka yake tallar nasa, a matsayin ƙari. Kasuwar kuma ta samu ne saboda an fara tsangwamar wasu tsofaffin sinadaran: jihar Hawai ta Amurka ta hana sayar da man da ke ɗauke da biyu daga cikinsu tun Janairun 2021, bisa zargin suna kashe murjanin teku.

To me ya sa Turawa ke kiransa abu mai ɗorewa? Domin a wurinsu shara ne na gaskiya. Masana'antun takarda suna dafa itace su cire zaren, liginin ya fita a cikin wani baƙin ruwa, tan miliyan 50 zuwa 70 a shekara a faɗin duniya. Kusan duka ƙona shi ake yi a tukunyar masana'antar, abin da ake sarrafawa zuwa wani kaya bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Kamfanin Borregaard na Nowe ya daɗe yana fitar da ƙamshin banila daga cikinsa. Wanda ya ɗebi kaɗan daga wannan kogi ya sa a kwalba bai sare ko bishiya ɗaya saboda kwalbar ba. Amma liginin ɗin nasu ɗan rakiya ne, rayuwarsa na hannun takarda. Masana'antar Sunila ta kamfanin Stora Enso a Finlan ta fara fitar da shi a 2015, tana iya yin tan 50,000 a shekara, ana ta yi mata kirari. A 2023 aka rufe masana'antar gaba ɗaya saboda ɓangaren takarda ya daina biyan kansa, liginin ya bi ta.

Mu kuwa ba mu da wannan kogi. Manyan masana'antun takarda uku da gwamnatin tarayya ta gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun shafe shekaru ba sa aikin da aka gina su dominsa. Duk liginin da za a samu a kudancin Kano sai an tashi takanas an dafa wani abu domin a cire shi. A nan ne tambayar ta zama tamu: me za a dafa?

Idan kara ne, a sake tunani. A Kiru da Bebeji kara yana da mai shi, kuma yana da farashi. Da shi ake darni da ƙyaure da rumfa, da shi mace ke dafa tuwon dare a gidan da itace ya fi ƙarfinsa, tokarsa kuma a tace ta a samu ruwan toka na miya. Karan dafi ma tun kaka da kakanni dukawa ke rina jar fata da shi, fatar da ta ratsa Sahara har Turai. Wanda aka bari a gona, shanu su ci ganyen su bar kashi, gara ta ci sauran ta mayar da shi ƙasa. Kuma liginin, da yake shi ne mai wuyar ruɓewa, yana cikin abin da ke daɗewa a ƙasa yana riƙe mata laima. Ƙasarmu ta riga ta gaji, buhun taki kuwa kowa ya san inda kuɗinsa ya kai. A kwashe kara a loda a tirela a kai masana'anta, sannan a dawo a sayar wa manomi taki, wannan an yi ba a yi ba ke nan. Tuƙar rake ma ba a banza take ba, masu mazarƙwaila da ita suke hura wutar da ke dafa ruwan raken. Totuwar masara kuwa kafin ta taru an kai ta murhu.

Idan itace ne, wannan ma ya fi muni. Dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000 tsakanin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, yana fama da masu gawayi da masu faskare tun ba yau ba. Mun kuma ga abin da ya sami madobiya da kasuwar kujeru ta Sin ta gano ta: cikin 'yan shekaru aka yashe dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta, har a 2018 hukumar yarjejeniyar CITES ta dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Bishiya ba ta da bakin da za ta ce ita ba shara ba ce.

Saura buntu. Shi ne abu ɗaya da yake taruwa da kansa wuri guda, ba sai an bi gona-gona ana tsince shi ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, noman rani ya zauna da gindinsa daga Kadawa zuwa Kura, Tudun Wada kuma ta yi suna da kasuwar shinkafa da injinan casa. Duk buhu biyar na shanshera, nauyin buhu ɗaya buntu ne. Masu turara shinkafa suna ƙona wani, masu kaji suna shimfiɗa wani, amma ana samun rara, kuma dabba ba ta son sa saboda kaushinsa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na buntu liginin ne. Wani abin sha'awa, liginin na dangin ciyawa, wato shinkafa da dawa da rake, yana zuwa da sinadarin ferulik a maƙale da shi, wanda masu man fuska mai tsada ke rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwalba, kuma Japanawa daga dusar shinkafa suke fitar da shi. Ana cire liginin na ciyawa da soda, irin wadda matan da ke haɗa sabulu suka sani, ba tare da farar wuta ba, don haka ba ya zuwa da warin ruɓaɓɓen ƙwai irin na masana'antar takarda. A dafa buntu a ruwan soda, ruwan ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana a wuta, a tace, a ɗiga masa asid sannu a hankali, sai wani gari ruwan ƙasa ya kwanta a gindin tukunya. Matsalar buntu ita ce silika, sinadarin yashi, da ke narkewa tare da shi, sai an raba su mataki-mataki. Ita ma silikar kaya ce, ana sa ta a hoda.

Yanzu a yi lissafin da na ce ba a yi ba. Tan ɗaya na shanshera zai ba da buntu kilo 200. Liginin da ke ciki kilo 40 ne, a ce an iya ceto rabi, kilo 20. Idan ana zuba kashi 5 cikin 100 a mai, wannan zai isa kilo 400 na man shafawa, wato kwalba 4,000 masu giram 100. Daga tan ɗaya ke nan, abin da ƙaramar gona ke bayarwa. Buntun da injinan gari guda ke zubarwa a kaka ɗaya zai wadatar da duk man kariyar ranar da Nijeriya za ta iya shafawa, a yi saura. Saboda haka babu wata kasuwar buntu ko ta kara da za ta tashi a kan kwalliya. Mai injin casa zai samu kuɗin cefane, manomi ba zai ga ko sisi ba. Kuɗin yana wurin wanda ya tace, ya auna, ya haɗa, ya sa sunansa a kwalba.

Wannan lissafi bai kashe maganar ba, ya dai nuna inda ya kamata a sa ido. Idan liginin kashi 5 ne, mene ne sauran 95? Ruwa ne da mai da sauran kayan haɗi, kuma man da duniya ke rububi a wannan fanni shi ne man kaɗanya. Kaɗanya tana nan a gonakin Doguwa da Tudun Wada, inda ruwan sama ya fi na sauran sassan jihar. Mata ne ke fita da sassafe a farkon damina su tsinci 'ya'yan, su dafa, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, sannan a zauna a yi ta bugun ƙullun da hannu ana yayyafa ruwa har man ya taso fari a sama. Aiki ne mai cin ƙarfi da cin itace, kuma yawancinsu ba sa kai wa ga man, ƙwarar suke sayarwa a kwano ga dillali a ranar kasuwa. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na wata shida, tana cewa Nijeriya ce ke samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya amma rabonta a kasuwar dala biliyan 6.5 bai kai kashi 1 ba. Hujjar daidai ce. Sai dai farashin ƙwara ya faɗi nan take, kuma a kan matan da ke tsinta ya faɗa, domin an rufe ƙofar waje kafin a buɗe isassun injinan cikin gida. Man kaɗanya yana da ɗan abin da yake tarewa na hasken rana, kaɗan ƙwarai. Idan aka samu haɗin da ya ɗaga darajarsa daga man kanti zuwa man kariya mai lamba, to a nan ne matar Doguwa za ta iya shiga cikin ribar, ta hanyar kaɗanyarta, ba ta hanyar karanta ba.

Akwai kuma wani abin da ya faɗo mana a hannu. Babban abin da ke damun masana a Turai da Sin game da liginin shi ne launinsa. Ruwan ƙasa ne, wani har baƙi-baƙi, kuma an ɓata shekaru da kuɗi ana neman yadda za a faranta shi saboda farar fata ba ta son man da zai dusashe ta. Mu matsalarmu akasin haka ce. Man kariyar da ake yi da farin garin zinki ko titaniyom, idan baƙar mace ta shafa, sai ta fito fururu kamar wadda ta taso daga injin niƙa, shi ya sa ko wadda likita ya rubuta wa takan ajiye shi bayan kwana biyu. Launin da suke gudu shi ne zai gyara mana wannan. Shafa garin itace a fuska saboda rana ma ba baƙon abu ba ne a duniya: matan ƙasar Bama sun yi ɗaruruwan shekaru suna goga itacen tanaka a dutse su shafa, haka matan arewacin Mozambik da nasu musiro. Mu ma gidan gyaran amarya bai rasa dilka da kurkum da lalle da majigi ba.

Wani zai ce baƙar fata me za ta yi da man rana? Gaskiya ne Allah ya ba mu kariya, wani bincike na 1979 a Amurka ya ƙiyasta ta da lamba 13 a ma'aunin SPF, ninki huɗu na ta farar fata. Amma akwai mutane iri biyu a cikinmu da ba su da ita. Na farko zabiya, waɗanda kansar fata ke kashewa da ƙuruciyarsu, kuma man da suke buƙata daga waje yake zuwa da tsadar da ɗan ƙauye ba zai iya ba. A Tanzaniya tun 2012 ake haɗa musu nasu a garin Moshi, ana kiransa Kilisun, ana raba musu. Su dai lamba 50 suke buƙata, wadda aka tabbatar, kuma babu wanda ya isa ya yi gwaji da fatarsu. Na biyu su ne waɗanda suka kankare tasu kariyar da hannunsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man ƙara haske. Ni ina ɗaukar wannan adadi da taka-tsantsan, amma wanda ya je biki a Kano ya dubi gaɓoɓin yatsu da kumatun da suka ƙone ya san abin ya yi yawa. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Samarin da ke cewa fara ko mayya su ma suna da kaso a wannan zunubi. Fatar da haidirokwinon da sitiroyid suka sirantar ba ta jure rana, kuma mai son ta daina tana buƙatar abin da zai tsare ta kafin fatar ta farfaɗo.

A nan kuma tsorona yake. Kasuwar gyaran jiki a Arewa tana hannun masu haɗi, waɗanda ke cakuɗa abin da suka ga dama a roba su tallata a TikTok da Instagram, su ce na gargajiya ne zalla. Ranar da kalmar liginin ta shiga bakinsu, za a dafa buntu a bayan gida a zuba a mai, sodar ba ta gama fita ba, a rubuta lamba 50 a jiki. Shinkafa tana jan arsenik daga ƙasa da ruwa, ga ragowar maganin feshi, kuma duk wannan sai ɗakin gwaji ne zai gano shi. Liginin kansa ba iri ɗaya ba ne, na buntun bana zai iya bambanta da na baɗi, na wannan tukunya da na waccan. Man kariya na ƙarya ya fi rashinsa illa, domin wanda ya shafa zai saki jiki ya shiga rana.

Wuraren da za su iya wannan aiki muna da su. Akwai sashen kimiyyar sinadarai a Jami'ar Bayero da jami'ar Wudil, akwai cibiyar NARICT a Basawa ta Zariya wadda aikinta ke nan, akwai hukumar RMRDC da aka kafa domin albarkatun masana'antu, akwai likitocin fata a Asibitin Malam Aminu Kano. Abin da aka saba shi ne ɗalibi ya cire giram goma, ya rubuta kundi, a ba shi digiri, kundin ya hau kanta ya yi ƙura. Abin da ake buƙata ƙaramar tukunyar gwaji ce guda ɗaya da za ta yi aiki shekara biyu ko uku a kan buntun wuri ɗaya, har a san halinsa rani da damina, sannan a auna haɗinsa da man kaɗanya a kan fatar mutanen nan, bisa ƙa'idar da NAFDAC za ta amince da ita. Kuɗin wannan bai kai na kilomita ɗaya na kwalta ba.

Kuma tun kafin a kafa tukunyar a yanke shawarar inda ruwanta zai tafi. Bayan an cire liginin, abin da ya rage ruwa ne mai gishiri da ragowar asid, ninkin ba ninkin garin da aka samu. Mutanen da ke zaune a gaɓar kogin Challawa sun san abin da ruwan majemun Sharaɗa da Challawa ya yi wa kifinsu da gonakinsu. Kogin Kano daga tsaunukan kudu yake gangarowa, ya ratsa Falgore ya zuba a Tiga, daga nan ya shayar da shinkafar Kadawa da Kura, ya kuma kai matatar Tamburawa da birni ke sha. Duk masana'antar da za ta zauna a Tudun Wada ko Bebeji a saman wannan ruwa take, don haka ramin tace ruwanta da hanyar maido da sodarta su ne abin da hukumar muhalli ta jiha za ta fara gani a ƙasa kafin ta sa hannu a takarda.